Ranar da Sikeli Ya Tona Mini Asiri a Tashar Kwatano

Makon jiya na ga yaran makarantar Islamiyyarmu na nan Zango suna ɗora tabarmi da tukwane a kan mota za su zaman horo, sai na tuna wata kunya da na sha a tashar jirgin ƙasa a shekarar 1994.

A watan Janairun shekarar nan aka karya darajar sefa, kome ya yi tsada. Duk da haka da babban hutu ya zo muka ce sai mun kai 'yan agajinmu Paraku su yi mako guda a bayan gari. Mu ashirin da uku ne, ni ne shugaba. Iyaye suka tara kuɗin tikiti da ƙyar. Wani dattijon unguwa ya ara mana babban tantin da yake kafawa ranar suna ko biki, ya riƙe hannuna ya ce, "Amana ce, ɗana."

A lokacin jirgin hukumar OCBN, wadda Benin da Nijar suka haɗu a kanta tun 1959, shi ne abin hawan talaka. Kilomita 438 ne daga Kwatano zuwa Paraku, ta Alada da Bohikon da Dasa da Sabe, tafiyar yini cur. A Paraku dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci ke kwashe kayan Nijar zuwa Malambil, su haye Gaya.

Da asuba muka isa tasha da tanti da ƙarafansa, da tukunya uku, da buhun shinkafa, da garwar kananzir. Ni duk lissafina kawuna na ƙirga, ban ƙirga kaya ba. Mai sikeli ya dube mu, ya yi mini bayani cikin natsuwa: fasinja yana shiga da abin da zai iya riƙewa ya ajiye kusa da shi, kaya mai nauyi ko mai tsawo sai an auna, a biya, a kai taragon kaya, a ba mutum takarda. Kananzir kuwa ba zai shiga cikin jama'a ba ko da kuɗi. Da ya faɗi abin da za mu biya, na laluba aljihu na ga ko rabi bai kai ba.

Na fara yi masa gardama, wai ai yara ne, aikin Allah za su. Ya ce shi ma aikinsa yake yi. Yara suka yi tsit suna kallona. Na rasa ta cewa: in koma da su gida, ko in bar tantin amana a tasha?

Sai wata Hajiya mai fataucin albasa, da ke zaune kan kwandonta tana jinmu, ta kira ni.

"Kai ɗan nan, zo. Ku nawa ne?"

"Mu ashirin da uku, Inna."

"To, mutum ashirin da uku ne za su kasa ɗaukar buhu ɗaya? Kwance shi!"

Nan take muka kwance buhun. Kowane yaro ya karɓi rabonsa a ƙulli ya tura cikin jakarsa, kowa ya naɗe tabarmarsa ya rataya. Ƙananan tukwane biyu muka riƙe a hannu. Kananzir muka sayar wa mai shayin bakin tasha, tunda akwai itace a Paraku. Tanti da babbar tukunya kaɗai suka hau sikeli, kuɗin kananzir ya cike abin da ya rage. Hajiya ta ƙara da cewa, "Takardar nan sa ta cikin hularka. In ta ɓace, tantin mutane ya ɓace." Da ita a kaina na yi azahar da la'asar a hanya. Bayan mako guda na mai da wa dattijo kayansa, ko igiya ba ta ɓata ba.

Yau jirgin fasinja ya daina zuwa Paraku tun cikin shekarun 2000. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai haɗu da namu ba. Yaranmu sun koma mota, amma ita ma motar tana da kuɗin kayanta.

Saboda haka ina kira ga malamai da shugabannin matasa: ku je tasha kwana biyu kafin tafiya ku tambayi ƙa'ida. Ku ware kuɗin kaya dabam da na kawuna. Abin da zai rabu ku raba wa yara, abin da ba zai rabu ba ku rubuta suna a jikinsa ku adana takardarsa. Abin da wuta ke kamawa ku saya can inda za ku.

Ban sake ganin Hajiyar nan ba, ko sunanta ban tambaya ba. In tana raye Allah Ya ƙara mata lafiya, in ta riga mu Allah Ya jiƙanta, amin.