Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Finafinan Jiya da Masu Fitowa a Ma'aunin Wani Ɗan Kallo na Ƙofar Guga

Duk lokacin da aka saki tallar wani sabon fim, ko aka sanar da ranar dawowar wani shiri mai dogon zango, masu kallo a ƙasar Hausa kan rabu gida biyu. Matasa su shiga ƙirga kwanaki, manya kuwa su taɓe baki su ce ai fim ya ƙare tun zamanin kaset. A unguwar Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, akwai wani malamin sakandare mai ritaya da ya ƙi shiga ko ɗaya daga cikin gidajen biyu. Ya haura shekara arba'in yana kallon fim, kuma har yau ba ya barin sabon shiri ya wuce shi. Idan aka tsokane shi da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, sai ya ce shi yana jin daɗin bana. Abin da ke damunsa shi ne masu shirya finafinan gobe ba su da hanyar ganin na jiya, domin na jiyan suna can suna lalacewa a cikin kwalaye.

Kafin a fahimci wannan damuwa, sai an san inda idonsa ya buɗe. Iyayensa sun fara ganin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da ke kafa farin ƙyalle a filin gari da dare tana nuna darussan noma da tsafta. Daga cikin finafinan wancan zamani akwai Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka ɗauka a Daudawa ta lardin Katsina don ƙarfafa noman auduga. Shi kuwa ɗan zamanin silima ne. A ƙarshen shekarun 1970, gidan silima fili ne mai katanga ba rufi, ana jira rana ta faɗi kafin a kunna na'ura, kuma ɗan mutunci ba ya son a gan shi a bakin ƙofa. Wannan ƙyama tana da tushe. Tun da aka buɗe Rex a Kano a 1937 malamai ke kallon silima a matsayin matattarar 'yan iska, sannan gobarar gidan silima na El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da ɗari uku, ta ƙara wa mutane tabbacin cewa wurin ba na alheri ba ne. Duk da haka samari suka ci gaba da zuwa, kuma finafinan Indiya ne suka fi jan su.

Mutane da yawa sun yi mamakin yadda Bahaushe ya rungumi labarin da ba ya jin harshensa. Malamin bai taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Auren dole, biyayyar ɗa ga uwa, kunya tsakanin saurayi da budurwa, talaka a hannun mai ba da bashi da ruwa, duk abubuwa ne da ɗan Katsina ya sani tun a gida. Wanda ya kalli Mother India na 1957, ya ga Nargis tana jan garma bayan mijinta ya gudu ya bar ta da 'ya'ya, ba ya bukatar tafinta. Har laƙabi 'yan kallo suka raɗa wa jaruman: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Fim ɗin da malamin ke auna sauran da shi shi ne Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, aka fara nuna shi ranar 15 ga Agusta, 1975. Dalilinsa ba ƙarfin Dharmendra ko tsayin Amitabh Bachchan ba ne. Yakan ce a duba yadda aka gina mugun, Gabbar Singh: kafin ya bayyana an daɗe ana jin sunansa a bakin mutanen ƙauye, har tsoro ya riga shi isowa zuciyar mai kallo. A duba kuma soyayyar Jai da bazawara Radha, wadda aka gama ta kusan ba tare da sun yi wata doguwar magana ba, shi yana busa a tsakar gida, ita tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya a saman bene. A ganinsa wannan haƙuri, na barin hoto ya yi aikin da baki zai yi, shi ne darasin da ya fi kowane amfani ga mai shirya fim a Kano ko Kaduna.

To amma abin da ya fi tsaya masa a rai game da Sholay shi ne abin da ya faru bayan shekara hamsin. A watan Yunin 2025 aka nuna fim ɗin a birnin Bologna na Italiya, bayan cibiyar Film Heritage Foundation ta Indiya ta gyara shi, ta kuma maido da ainihin ƙarshensa, inda Thakur ke kashe Gabbar da kansa. Hukumar tace finafinai ta Indiya ce ta sa aka sauya wannan ƙarshe a zamanin dokar ta-ɓaci ta 1975, aka sa 'yan sanda su zo su kama shi. Wato an iya dawo da abin da hukuma ta yanke shekara hamsin da suka wuce, saboda wani ya adana faifan. Indiyar ma ba ta tsira daga asara ba, domin Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, ya ɓace ɗungurungum. Bambancin shi ne ta ji zafin rashin, ta kafa masu aikin ceto.

Daga nan malamin kan juyo gida, ya kawo misalin Shehu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin, aka buga shi a 1934 tare da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun: yaron da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi cikin bauta, ya zama babban malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Shekaru da dama ana jin sunan fim ɗin ba a ganinsa. Sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa na wata ƙungiyar masu son fim ta Legas suka gano faya-fayensa a cikin tarin gwangwanayen da aka yi watsi da su, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Malamin kan ce wannan labari mai daɗi ne, amma abin tsoro ne, domin sa'a ce ta ceci fim ɗin. Haka yake tambayar ina ɗan Katsina na yau zai je ya kalli Kulɓa Na Ɓarna, wasan Umaru Ɗanjuma Katsina da Brendan Shehu ya mayar fim a farkon shekarun 1990, ko Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa.

Idan finafinan da aka ɗauka a kan faifan silima, da kuɗin hukuma, sun sha da ƙyar, ina ga na kaset? Masana'antar da ake kira Kannywood ta fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Gimbiya Fatima da In Da So Da Ƙauna suka biyo baya, sannan Sangaya ya zo a 1999 ya sauya kasuwar baki ɗaya da waƙoƙinsa, Wasila ya bi sawu a 2000. Waɗannan finafinai sun shiga inda silima ba ta taɓa shiga ba, wato ɗakunan matan aure. Mace Bahaushiya ta ga rikicin kishi, da zafin saki, da auren da ba ta so, ana yin su da harshenta a gaban idonta. Duk mai son ya san yadda Hausawan birni suka yi magana, suka yi ado, suka shirya falo, suka yi zance a ƙarshen ƙarni na ashirin, babu taskar da ta kai waɗannan kasusuwa.

Sai dai kaset ba ya jira. Zaren da ke cikinsa maganaɗisu ne aka shafa a kan leda, zafi na sa ya manne, damshin damina na sa ya yi fumfuna, ƙurar hunturu na kankare shi duk sanda ya bi ta kan na'ura. Na'urar kanta ta zama abin nema, tun da kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Faifan sidi da ya gaji kaset bai fi shi ƙarko ba. Abin da ake samu a YouTube na wancan zamani galibi kwafi ne na kwafi, hoto ya dushe, murya na rawa, wani lokaci an yanke farko ko ƙarshe. Saurayin da ya ga Sangaya a haka zai yi dariya ya wuce, kuma ba laifinsa ba ne.

Wata rana 'yar ƙanensa, wadda ke karatu a jami'a, ta ce masa: «Baba, ku fa duk abin da ya tsufa shi ne mai kyau a wurinku.» Ya amsa mata da cewa: «A'a, 'yata, akasarinsu ba su da kyau. Amma sai an ajiye duka kafin a san wanda ya yi kyau.» Wannan ita ce matsayarsa a taƙaice. Ba ya ɓoye cewa finafinan kaset da yawa kwaikwayon na Indiya ne kai tsaye, an ɗauke su cikin 'yan kwanaki, da fitila ɗaya da makirufo mai kama kukan janareta. Abin da yake cewa shi ne fim ba ya zama na tarihi ranar da ya fito. Sai an sake kallonsa bayan shekara ashirin, wasu mutane daban sun same shi da rai, sannan ya cancanci sunan. Fim ɗin da ba a iya sake kallonsa an hana shi wannan jarrabawa tun kafin ya zauna ta.

Da wannan ma'auni yake tarbar masu fitowa. Ya yaba da sauyin da ya biyo bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad da ya yi tashe a YouTube. Hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru, marubuta sun samu filin gina hali a hankali. Amma yana ganin tarkon da ke ciki. Shirin da ke samun kuɗi gwargwadon yawan masu kallo a kowane mako ba ya son ya ƙare, don haka labarin da zai kammala cikin sa'a biyu sai a ja shi zango bayan zango, ana maimaita zance ɗaya a falo ɗaya. Idan ya ga tallar sabon shiri, ba ya kula da jirgi marar matuƙi da aka ɗauki saman gari da shi, ko jerin motocin alfarma. Yana neman alamar cewa marubucin ya san inda labarinsa zai tsaya.

Fim ɗin da ya ba shi fata a 'yan shekarun nan shi ne Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, labarin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, wanda Nijeriya ta tura gasar Oscar a 2024. Bai shiga jerin waɗanda aka tace ba, kamar yadda The Milkmaid, shi ma mai yawan Hausa, bai shiga ba a shekarun baya. Malamin bai ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Abin da ya lura da shi shi ne fim mai fada, da dawaki, da rawani, da kirari, yana tafiya ne a kan turbar da Adamu Halilu ya share da Shehu Umar da Kanta of Kebbi, alhali yawancin matasan da za su yi irin wannan aiki nan gaba ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Kowane ƙarni na masu fim a Arewa yana fara koyon ɗaura rawani a gaban kyamara daga farko, kamar ba a taɓa yi ba.

Maganin bai fi ƙarfin mutane ba. Hukumar Finafinai ta Nijeriya tana da ma'adanar faya-fayai a Jos, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu, jarumin Sangaya da Wasila, shi ne shugabanta, wato mutumin da ƙuruciyarsa ke cikin waɗannan kasusuwa. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Juyar da kaset zuwa kwamfuta ba ya bukatar fiye da na'urar bidiyo mai lafiya, da ɗan abin haɗi, da mai haƙurin zama. Abin da ke da wuya shi ne nemo kaset na asali a hannun furodusoshi da magadansu da tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, da yarjejeniyar da za ta tabbatar musu cewa ba a ƙwace haƙƙinsu ba. Masu shirya finafinan yau kuma su sani cewa tashar YouTube ba ma'adana ba ce. Ana iya rufe ta dare ɗaya, kuma na'urar ajiya guda da ke cikin durowar ofis tana iya mutuwa ba sallama.

Shi dai malamin yana yin iyakar abin da mutum ɗaya zai iya. Yana da littafi mai bango mai kauri da yake rubuta sunan kowane kaset da ke hannunsa, da shekararsa, da kamfanin da ya yi shi, da sunan mai ba da umarni, domin ya lura cewa bayanan da ke jikin kwali kan riga zaren ɓacewa. Yana jera su a tsaye, nesa da bango mai damshi. Ya kuma gaya wa 'ya'yansa cewa ranar da aka raba gadonsa kada a haɗa kwalayen da tarkace, a nemi wata jami'a a miƙa mata, ko da ba ta nema ba.