Minti 15 a Dajin Oslo



Shekarar da aka tura mu ƙaro karatu a Oslo, babban birnin ƙasar Nowe, mu uku ne, kuma burinmu ɗaya: mu ga dusar ƙanƙara da idonmu. Sai muka sauka a watan Oktoba, ƙanƙara ba ta fara zuba ba tukuna. Ruwa da iska kawai, ganye ya zube, rana na saurin faɗuwa.

Amma mutanen garin ba zama suka yi ba. Da yamma sai ka gan su a kan kwalta, sun ɗaura wasu sanduna masu ƙananan tayoyi a ƙafa, suna tura kansu da sanda biyu, don kada jiki ya manta zamiyar hunturu. Wasu kuma na sabunta jan fentin da ke kan duwatsu, alamar hanyar da ƙungiyar masu yawon tsauni ta ƙasar, wadda aka kafa a 1868, ke kula da ita.

Wata Asabar mai masaukinmu ya kai mu dajin Nordmarka, arewa da birnin. Shi da matarsa ba sa zamiya a filin wasa. Tsaunuka suke hawa da ƙafa, inda babu mai gadi. Ya ce haɗarin wurin shi ne zaftarewar ƙanƙara, wadda ta fi aukuwa a gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye. Shi ya sa kowa ke ɗaukar abu uku: 'yar na'ura mai aika sigina, doguwar sandar lalube, da shebur.

Ya ɓoye na'ura ɗaya a jaka, ya binne ta cikin ganye, ya miƙa mana ɗayar.

"Kuna da minti 15," in ji shi.

Muka ɗauka wasa ne. Muna dariya, muna gardama, kowa na cewa shi ya fi gane kibiyar. Sai da muka ci minti 26 kafin muka tono jakar, har da tafi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ya ce wanda ƙanƙara ta binne, in an tono shi cikin minti 15, yawanci yakan rayu. Bayan haka numfashi ke ƙarewa, kuma jirgin ceto ba ya cika isowa cikin wannan lokaci. Sannan ya nuna matarsa ya ce, "Wannan jakar ita ce. In ni aka binne, iyawata ba ta da amfani a gare ni. Don ita nake koyo, ita kuma don ni."

Dariya ta ɗauke. Kunya ta kama mu, domin mun san halinmu: mukan shirya wa jarrabawarmu da aikinmu, amma wa ya taɓa zama ya koyi yadda zai ɗaga ɗan'uwansa ranar da ya faɗi? Muka roƙe shi ya sake ɓoye jakar. A karo na huɗu muka same ta cikin minti 9.

Ku duba wanda ke zama kusa da ku a zumunta. In wani abu ya danne shi yau, kun san ta inda za ku fara tono? Ku tambaye shi tun sama tana sarari.

Ubangiji ya kiyaye mu duka.