Ni na yi ta ba ƙwaron numfashi

Da kaka, wake na araha, na sayo buhu guda a Dawanau na juye a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Na ɗaure na jingine, na ce an gama. Kafin ruwa ya sauka waken ya huje, ya yi gari, kana zuba shi a ruwa sai ya taso. Na yi ta tsine wa buhu, har na ce jabu aka sayar mini.

Ashe laifin nawa ne. Duk ranar da za a yi alale ko garau-garau, ni ke kwance bakin buhun in ɗebi kwano, in mayar in ɗaure sama-sama. Gwaggona da ta ji labari cewa ta yi, "Ɗan nan, ai kai ka yi ta ba su numfashi."

Gaskiyarta. Ƙwaron wake ba a ɗaki kaɗai yake samun wake ba, tun daga gona yake biyo shi. Ƙwai yake sakawa, tsutsar ta huda ƙwaya ta shige tana ci daga ciki, ka duba ka ga wake garau alhali da baƙo a cikinsa. Buhun kuwa ba magani gare shi ba. Iska kawai yake tsarewa, ƙwarin su shaƙe 'yar wadda ta rage su mutu. Ni kuma kullum sai na kai musu sabuwa.

Abin da ya fi ba ni kunya, da na ga ɓarnar har na aika a sayo fiya-fiya zan yayyafa wa abin da ya saura. Gwaggo ce ta hana, ta tambaye ni ko 'ya'yan wa za su ci. Irin wannan gubar ce fa ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi, mu ne za mu dafa?

Bana sai da na shanya waken ya bushe ƙayau. Na cefanen yau da gobe na cika shi a jarkoki masu murfi. Buhun kuma kowace leda ɗaurinta daban, na ɗora shi kan katako saboda ɓera, ba mai taɓa shi sai jarkokin sun ƙare.