Ƙotar Ƙirya Daga Jega, Askin Suna A Maiyama

Ranar da ƙanwata ta haihu a ƙauyenmu da ke gefen Maiyama, ina bakin aiki a wani asibiti a Sakkwato. Bayan barka, na tambaye ta ko an yi wa yaron allurar rigakafin ciwon hanta, ta ce an yi tun ranar. Sai na tambayi wanda zai yi askin suna. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, wa kuwa in ba Kawu ba?"

Kawu wanzami ne ɗan wanzami. Askar da ke zabirarsa ta kakanmu ce, ita ta aske ni, ita ta aske duk 'yan gidanmu. Na san yadda yake yi: ya wasa ta a dutse, ya goga a fata, ya ɗauraye da ruwa, sai kai na gaba.

Shekarata tara ina jinya a ɗakin maza. Na sha karɓar magidanta da ba su kai arba'in ba, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, hanta ta riga ta lalace. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cutar tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba, kuma jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma da ita za su girma. Ba kowane kamu ne daga aska ba, da yawa daga uwa ne lokacin haihuwa. Amma aska ƙofa ce da za mu iya rufewa da kuɗi kaɗan.

Na taɓa gwadawa. Shekara biyu da suka wuce na kai wa Kawu askar zamani mai mariƙin roba, irin wadda ake zura wa rabin reza. Ya juya ta, ya ce abin wasan yara ne, ba nauyi, ga santsi in sabulu ya taɓa ta. A kan taga na same ta da na koma. Wannan karon na kama hanya ana gobe suna, da niyyar in sake magana, ba tare da na san me zan ce ba.

Motar ta bi ta Tambuwal, muka iso Aliero da hantsi. Tun kafin a ga gari ake jin warin albasa. Lokacin kakarta ne, buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Garin na da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, amma tun kafin jami'a an san shi da masu ɗori, har daga wasu jihohi ake kawo masu karaya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni a nan ta sauka da jikanta, hannunsa ɗaure da karare. A hannunta akwai babban ambulan na hoton ƙashi. Ta ce mai ɗorin da suke zuwa wurinsa shi ya ce a ɗauko hoton kafin ya taɓa yaron. Na yi ta tunanin maganar nan har muka bar garin. Mutumin bai bar gadonsa ba, ya dai karɓi abin da ya ga zai gyara masa aiki. Ni kuwa abin da na kai wa Kawu ɓata masa aiki ya yi a hannu.

Daga Aliero zuwa Jega ba nisa. Jega garin Gimbanawa ne a bakin gulbin Zamfara, Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi bayan jihadi, kuma kasuwarsa na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Har yau mahaɗa ce: hanyar Birnin Kebbi, hanyar Sakkwato, da wadda ta yi Koko da Yauri. Na sauka na sayi wata askar mai cin reza a wurin masu kayan aski, na nemi layin masassaƙa.

Cikin turame da taɓare da ƙotocin fartanya na sami wani dattijo yana fafe akushi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake a cire wannan robar a sa mata itace." Bai yi mamaki ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, hannun mai ita babba na ko ƙarami?" Na kwatanta masa. Ya ɗauko guntun aduwa ya ajiye, ya ce ta yi sauƙi. Ya ɗauko ragowar ƙirya daga wani turmi, ya ce wannan tana da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, kuma gara ba ta son ta.

Ina zaune a kan kututture ya tsaga itacen gida biyu, ya rage da gizago, ya daidaita da wuƙa, ya kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul. Inda babban yatsa zai zauna ya yi 'yan tsage uku don kada ta zame. Maƙerin da ke maƙwabtaka da shi ya huda, ya ɗaure da ƙusa, askar na buɗewa tana ninkewa. A ƙarshe ya shafe ta da man kaɗe, launin ya fito ja mai duhu.

Kafin in tashi ya ciro nasa kayan daga aljihu: tsohuwar reza mai murfi ta mahaifinsa, wanda ya yi soja, ya sauya mata ƙota da kansa, da ɗan buroshin sabulu da ya ɗaura da gashin wutsiyar doki. Irin wannan reza Ba'amurke King Gillette ya yi wa rajista a 1904, kuma dabararsa ke nan gaba ɗaya: mariƙi ya daɗe, bakin a yar a sa sabo. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar sassaƙa irin waɗannan ƙotoci da buroshi suna sayarwa da tsada. Na ce masa buroshin dai kada a yi aro. Ya ce ai kamar asuwaki yake, na mutum ɗaya ne.

Na isa Maiyama bayan La'asar, na hau babur zuwa ƙauye. Sai bayan Isha'i na sami Kawu shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na miƙa masa. Ya auna ta a tafin hannu, ya buɗe, ya rufe, ya shinshina.

"Ƙirya ta. Aikin Jega?"

Na ce eh. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato askar tsohona ta koma guba?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, ita ta aske ni, ga ni lafiya lau. Amma kai ma ka san mutanen da ka aske suna yara, suka rasu da kumburin ciki. Ba ni da tabbacin daga ina suka samu, kai ma ba ka da shi. Wannan yaron kwanansa shida." Bai amsa ba. Ya sa reza, ya gwada a gashin hannunsa, ya ce in je in kwanta.

Da safe, bayan an raɗa suna, ya zauna a tabarma, ya yage takardar sabuwar reza a gaban jama'a, ya karya ta biyu, ya zura. Ya aske yaron tas, ko ƙwarzane babu. Ya jefa rezar a gwangwanin madarar da na huda masa. Tsohuwar askar tana cikin zabira, bai fito da ita ba. Da na roƙe shi a bar wa yaron belinsa, sai ya harare ni ya ce na fara yawa, amma ya bari.

Ban ce an gama ba. Itace ba ya jure tafasa kamar ƙarfe, saboda haka ƙotar nan ta aski ce kawai, ban da kaciya, ban da tsaga, kuma bakin ƙarfen da ke riƙe rezar sai an wanke shi da sabulu da bilic bayan kowane kai. Fakitin rezar da na bari ma zai ƙare. Shi ya sa na gaya wa matan da suka zo suna, nake kuma gaya muku: cikin kayan haihuwa a sa sabuwar reza, a miƙa wa wanzami da ladabi, a kuma kai jariri rigakafi cikin awa 24 na farko.

Da zan tafi Kawu ya rako ni bakin hanya. Ya ce in na bi ta Jega in ce wa masassaƙin ya yi wata, ɗan ƙarama, ta yaronsa da ke koyon aiki.