Golf ɗin Kwanar Babaldu

Ka tsaya a Kwanar Babaldu da hantsi, ka ƙirga motocin hayar da ke karkatawa zuwa Gwaram. Kafin shayinka ya huce za ka gaji da ƙirga Golf. Yawancinsu samfuri na uku ne, wanda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a Jamus a 1991, wato sun girmi wasu daga cikin masu tuƙa su. But a buɗe, an ɗaure shi da igiya a kan buhunan riɗi, mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba.

A Turai da Amurka akwai samarin da ba su da zance sai na Subaru Impreza, motar da injinta ke jan ƙafa huɗu, wadda Colin McRae ya ci gasar tseren daji ta duniya da ita a 1995. Abin da ya ja su gare ta shi ne mai matsakaicin albashi ma zai iya mallakar irin wadda ya ga tana keta taɓo a talabijin. A nan kuwa mai jan ƙafa huɗu ita ce Hilux, ta gwamnati da 'yan siyasa. Direban haya sai dai ya ba ta hanya.

Golf ƙafafun gaba kaɗai take ja, amma kada ka faɗi haka a tasha da sigar raini. Nauyin injin yana kan ƙafafun da ke ja, shi ya sa take kama ƙasa a burji da yashin hanyoyin ƙauye. Sai lodi ya yi yawa a baya, gaba ya ɗaga, tayu su soma juyawa a banza, sannan za ka ji direba ya ce, "Jama'a, a taimaka a sauka." A tura, a koma, ba wanda zai zagi motar. Laifin buhu ne.

Ni dai a ganina rabin soyayyar da ake wa Golf a garejin bakanike aka ƙulla ta. Yaron da ya shekara biyu yana miƙa sifana a Birnin Kudu ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Abin da ya lalace da safe, in an aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, zai iya isowa kafin magariba. A ƙara mata ƙarfin sifirin, a ɗaga bayanta, ta koma hanya.

Dattawan direbobi kuwa ba su yarda ba. Su har gobe Peugeot 504 ce mota, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975. In gardamar ta ɓarke a rumfar 'yan kamasho, fasinjan da ke sauri gara ya nemi ɗan acaɓa.