Daga Ikko Zuwa Kano: Gargadar Da Ke Hanyar Sama

Duk wanda ya saba bin mota daga Ikko zuwa Kano ya san wuraren da hanya ta lalace, har yakan gyara zama tun kafin direba ya taka birki. To, hanyar sama ma tana da tata gargadar, sai dai ita ba a ganinta da ido, shi ya sa take tsorata mutane fiye da kima. Tsakanin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja da na Malam Aminu Kano akwai nisan mil 520 ko kusa da haka, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi. A cikin wannan ɗan lokaci jirgi yakan ratsa iska iri dabam dabam, kowace da halinta.

Jirgin da ya tashi daga Ikko da damina, da ya rabu da ƙasa sai ya kutsa cikin gajimare. Nan ne matafiyi zai fara jin ɗan jijjiga, kamar ta mota a kan hanyar burji. Dalili kuwa shi ne, iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika ba tsaye take wuri ɗaya ba, wata tana hawa, wata tana sauka, jirgi kuwa a kanta yake tafe kamar yadda kwalekwale yake tafe a kan ruwa. In ya ɗaga sama sosai, ya wuce ƙafa 30,000, galibi sai tafiya ta yi sumul. Ran da gari ya yi garau, mai zama kusa da taga zai ga kurmin ƙasar Yarbawa yana raguwa, sa'an nan Kogin Kwara ya bayyana a wajen ƙasar Nufe, yana ƙyalli kamar an shimfiɗa azurfa.

Daga ƙetaren Kwara zuwa wajen Minna da Kaduna da Zariya, a nan ne sau da yawa ake gamuwa da hadari. Iska biyu ke mulkin sararin ƙasar nan: mai laima daga kudu maso yamma, da busasshiya daga Hamada, wadda ke kawo hunturu. Inda mai laima ta yi ƙarfi, rana kuma ta gasa ƙasa, sai gajimare ya yi ta tulluwa har ya zama hadari, wanda kansa kan kai ƙafa 50,000, watau ya ɗara inda jirgin fasinja yake bi. Manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, matuƙin jirgi ma ya sani. Akwai wata na'ura a hancin jirgi mai hango ruwan da ke cikin gajimare tun daga nesa, saboda haka matuƙi ba ya faɗa wa hadari, kewaye shi yake yi. Girgizar da fasinja ke ji yawanci ta gefen hadarin ce kawai.

Akwai kuma wata gargadar wadda na'urar ba ta gani, gama tana aukuwa ne a sarari fes, ba gajimare ba alama, a inda iska mai gudu ta goga da wadda ba ta kai ta sauri ba. Ita ce wadda kan zo ba sallama. Mutane kan ce jirgi ya faɗa rami, alhali kuwa babu rami a sama. Iska ce mai gangarowa ta danna jirgin ƙasa kaɗan, cikin mutum ya ɗaga, ya ɗauka an yi faɗuwar kirki, ga shi kuwa sau da yawa abin bai wuce 'yan ƙafafu ba.

A irin wannan lokaci ake gane halin matafiya. Wani ya damƙe hannun kujera, wani ya zaro tasbaha, wata ta rungume ɗanta tana salati, wani kuma ya leƙa taga ya ga fiffiken jirgi yana lanƙwasa, hankalinsa ya tashi. To, lanƙwasar nan da gangan maƙera suka yi ta, don icen da ba ya rusunawa shi iska ke karyawa. Kafin a yarda wa sabon samfurin jirgi ya ɗauki mutane, sai an gwada fikafikansa da nauyin da ya fi mafi tsananin abin da ake zaton zai gamu da shi da rabi. Matuƙi kuma in ya ji gargada ta yi yawa yakan rage gudu, ya nemi izinin hawa ko sauka zuwa inda iska ta fi kwanciya. Don haka sauyawar ƙarar inji a lokacin ba alamar lalacewa ba ce.

Abin da ke raunata mutane ba karyewar jirgi ba ne, rashin ɗaura ɗamara ne. Abin da ya faru ran 21 ga watan Mayu na 2024 ya isa misali. Wani jirgin kamfanin Singapore Airlines ya taso daga Landan zai tafi Singafo da mutum 229, yana tafe a ƙafa 37,000 bisa ƙasar Miyanma, ana cikin rabon karin kumallo, sai iska ta fyaɗa shi. Cikin abin da bai kai daƙiƙa 5 ba ya gangara ƙafa 178. Waɗanda ba su ɗaure ba suka tashi sama suka bugi rufi, sa'an nan suka faɗo. Wani dattijo ɗan Ingila mai shekara 73 ya rasu, ana zaton ciwon zuciya ne, mutane da dama kuma suka ji rauni, wasu a ka, wasu a ƙashin baya. Amma jirgin kansa ya ci gaba da tafiya har ya sauka lafiya a Bankok.

Darasin a fili yake. Matafiyi mai hankali yakan bar ɗamararsa a ɗaure muddin yana zaune, ko fitilar gargaɗi tana kunne ko ba ta kunne, ya kuma ja ta ƙasa ta kama kwatangwalo, ba ciki ba. In girgiza ta fara, sai ya ajiye shayi mai zafi, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya jingina, ya riƙa jan numfashi a hankali yana saki a hankali. Ba lokacin zagawa ba ne, ba kuma lokacin buɗe ma'ajiyar kaya ta sama ba. Iyaye su fara duba ɗamarar yaransu, su kuma yi musu magana da murya kwance, don yaro fuskar babba yake karantawa. Wanda ya san shi mai tsoro ne ya nemi kujerar da ke daidai fiffike, gama wutsiyar jirgi ta fi kaɗawa, ya kuma zaɓi jirgin safe kafin rana ta dafa hadari. Addu'a kuwa tana sanyaya zuciya, sai dai tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Inda hadari ya fi zama abin tsoro na gaske shi ne kusa da ƙasa, wajen tashi ko sauka, domin a nan jirgi ba shi da sararin gyarawa. Jama'ar ƙasar nan ba za su manta da ran 29 ga watan Oktoba na 2006 ba, sa'ad da wani jirgi ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja cikin iskar hadari, aka rasa mutane da yawa, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Saboda haka in aka ce an jinkirta tashi don hadari, ko jirgi ya yi ta shawagi yana jiran iska ta lafa, bai kamata fasinja ya yi gunaguni ba. Gara a makara a isa.

Daga Zariya jirgi zai fara gangarowa. Da bazara, musamman da azahar, ƙasar Kano takan yi zafi ta riƙa tura iska sama, sai jirgi ya yi ta 'yan tsalle-tsalle kamar ɗan maraƙi. Da hunturu kuwa ƙura ce ke rufe gari, gani ya yi wuya. Amma in damina ce aka yi sa'a, sai gonakin gero da dawa su bayyana kore shar, ga Dala da Gwauron Dutse a tsaye cikin birni.

A wannan gari ne jiragen sojan Ingila guda 3 suka sauka a 1925, bayan sun taso daga Masar suna yada zango a hanya. Matuƙansu a buɗaɗɗen wuri suka zauna, iska tana dukansu, ba su da na'urar hangen hadari. Matafiyin yau yana da rufi da na'ura da matuƙi mai horo. Abu ɗaya kawai aka bar masa a hannunsa, watau ɗamarar nan, kada kuma ya kwance ta sai jirgi ya tsaya cik.