Wasiƙa daga Baltimore kan maganar Auta

Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali da duk mutanen Madalla. Mu a nan sai godiyar Allah, ban da sanyin Janairu mai ratsa ƙashi.

Labari ya iso ni cewa ana ta faɗi a gida wai an gan ni ina shige da fice a gidan 'yan ƙwaya. Ina zuwa kam, amma ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Ɗan wani abokin aikina ne, mutumin Zariya, aka sallamo daga asibitin masu shaye-shaye, aka rasa inda za a sauke shi, don abokan da suka koya masa suna nan a bakin layin gidan ubansa. Haya kuwa a garin nan, ɗaki da falo ya haura dala 1,000 a wata, kuma mai gida ba ya miƙa makulli sai ya binciko ko ana bin ka bashi, ko ka taɓa shiga hannun hukuma.

Da ƙyar muka samar masa gado a wani gida irin waɗanda ake kira Oxford House. A nan jihar Maryland aka fara su, a garin Silver Spring, a 1975, yanzu sun haura 3,000 a Amurka. Babu mai gadi, babu likita a ciki. Mutum shida ko fiye, duk waɗanda suka tuba da shaye-shaye, su ke kama hayar gida su raba kuɗin daidai wa daida, su zaɓi shugaba da ma'aji a tsakaninsu. Mai neman shiga sai ya zauna gabansu sun yi masa tambayoyi, kuma sai kashi 80 cikin 100 sun amince. Yaronmu dala 150 yake biya a mako, har da wuta da ruwa. Ba a yanka wa kowa ranar tashi, ko shekara nawa zai yi, muddin yana biya kuma bai koma ruwa ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma akwai abin da zuciyata ta kasa ɗauka. Wanda ya sake sha, a ranar zai tattara kayansa, ko da ƙanƙara na zuba. Na kuma ga wani dattijo, sa'an marigayi Baba, yana wanke banɗaki don layi ya zo kansa, yaro ɗan shekara ashirin yana kiran sunansa gatsal. Dattijon yana da 'ya'ya, ba mai leƙo shi. Ba kuma kowane gida ne na Allah da Annabi ba: a 2023 gwamnatin Arizona ta bankaɗo gidajen bogi masu kwaso mashaya, su ci kuɗin inshorar lafiya da sunansu, ba magani.

Duk wannan saboda Auta nake faɗa maka. Na ji Kawu na cewa idan an sallame shi daga asibiti a wuce da shi gidan mari. Don Allah Yaya, kada ka yarda. Ka tuna Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa. An haramta maganin tari mai kodin a Najeriya tun 2018, amma kai ma ka san abin da ake miƙawa a bakin tasha in dare ya yi. In Auta ya dawo ɗakinsa na da, majalisarsu ta da za ta same shi kafin mako ya zagayo.

Ka nema masa ɗaki a cikin Suleja, nesa da titin Kaduna, a gidan da akwai babban da ake jin kunyarsa, kusa da masallaci. Kada ya kwana shi kaɗai. In da wani da ya daina ya kuma daɗe da dainawa, a haɗa su. Hayar wata shida na farko ni zan turo, amma hannunka za ta shiga, ba nasa ba. Daga nan ya riƙa kawo rabonsa, ko kaɗan ne, don na lura biyan nan ne ke sa yaran nan tashi neman aiki da asuba. A sama masa wurin koyon sana'a tun kafin ya fito, a canza masa layin waya, ranar komawa ganin likita kuma wani ya raka shi. A gaya masa sharuɗɗan a gaban Inna. In ya zame, a mayar da shi asibiti, kada a kore shi titi irin na mutanen nan.

Ka bincika min kuɗin ɗaki a unguwanni biyu ko uku kafin ƙarshen wata. In an sami mai tahowa, a aiko min da daddawa da kuka. Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙaninka.